Rof da Ƙazanta: Kalmar Aro da Kalmar Gado

A garuruwan yammacin Kano, tun daga Masanawa ta ƙaramar hukumar Kabo har Getso da Kutama a ƙasar Gwarzo, akwai wata 'yar kalma da ta samu wurin zama a bakin matasa ba tare da kowa ya yi mata iso ba. Rof ake ce mata. Saurayi zai tsaya a bakin shagonsa na ƙofar gida ya ce wa abokin da ya kawo masa ziyara, "Shigo mana, sai dai ka yi haƙuri, ɗakin ya ɗan yi rof." 'Yar sakandare za ta hana ƙawarta aron littafi don wai rubutun ya yi rof. Tana tafe da 'yan rakiya: an yi sikatarin ɗin kaya, an zubar da takalma enihau, wane kiyales ne. Duk daga Turanci suka fito, kuma duk wuri guda suke aiki, wato inda abu ya sauka daga kan tsari amma bai kai a tara dangi a kansa ba.

A ɗaya gefen ga kalmomin da muka tarar a gida, uwarsu kuwa ita ce ƙazanta. To mutumin da ya sha Hausa tun a nono, me ya kai shi aron kalma don kawai ya faɗi cewa rigunansa na zube a kan katifa?

Wasu za su yi saurin cewa ai Hausa ce ba ta da kalmar da ta dace. Wannan magana ba ta ko kama hanya ba. Ka shiga shagon tela a Gwarzo ana saura kwana uku Sallah ka ga yadda harshen yake rarrabe ɓarna daki-daki. Ƙyallayen shadda da na atamfa suna nan birjik a ƙasa. Zare ya cukurkuɗe a ƙafar keken ɗinki. Yadudduka na mutane jibge a lungu, kowanne da sunan mai shi da awonsa a rubuce a gefe, wanda aka ɗinka ba a goge ba duk ya yamutse. Almakashi ya nutse cikin tsummokara, ana ta hautsina kaya ana nemansa. Yaron shago bai ga makwancinsa ba tun shekaranjiya, ya yi wujiga-wujiga, kansa buzu-buzu, ƙafarsa futu-futu da ƙurar zirga-zirgar sayo maɓalli. Kwanon shinkafa da waken da aka ci da tsakar dare yana kan benci, mai da yaji sun yi dagaje-dagaje a wurin. Babu biyu daga cikin waɗannan da suke nufin abu guda. Abin da ya fi burge ni shi ne kowace kalma tana ɗauke da maganinta: birjik tsintsiya take nema, cukurkuɗewa sai an zauna an warware da haƙuri, yamutsewa aikin dutsen guga ce, dagaje-dagaje kuwa ba ta jin komai sai ruwa da sabulu. Wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934, ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, zai gaji da irin waɗannan kalmomi kafin su ƙare. Amma in ka tambayi telan yaya shago, ce maka zai yi, "Wallahi Alhaji wurin ya yi rof, sai bayan Sallah." Kalma ɗaya ta rufe duka, kamar faifan da aka kifa a kan kwano: ka san akwai abu a ciki, ba ka san ko tuwo ne ko ƙanzo ba.

Ke nan ba talaucin harshe ne ya kawo aron ba. Nauyi ne. Kalmomin Hausa na wannan fage ba su cika tsayawa a kan kaya ba, sukan tsallaka su faɗa kan mai kayan. Tsakanin "ɗakinta ya yi kaca-kaca" da "ƙazama ce" taku ɗaya ne, daga nan zuwa "daga gidan wa ta fito?" ma taku ɗaya.

Mace ce ta fi kowa sanin wannan nauyi. Amarya tana tarewa, an yi mata jere, kwanuka da kuloli sun hau kabad tsaf-tsaf, sai 'yan ganin ɗaki su fara zuwa. Makon farko kaya ake kallo. Bayan wata biyu kuwa ido ya bar kan jere ya koma inda ba a yi don a gani ba. Gwaggon miji za ta shigo da fara'arta, ta roƙi ruwa, ta dubi moɗar da aka ɗebo da ita, ta saci kallon ƙarƙashin gado, in za ta fita ta bi ta madafi ta ga bayan tukunya. Ba za ta ce uffan ba. Amma ranar da kalmar ƙazama ta fito daga bakin uwar miji, ba a gidan za ta kwana ba. Za ta je ta iske uwar yarinyar a garinsu, ta shafi ƙannenta mata da ba su yi aure ba tukuna, wata rana a wurin neman aure a ji wata tsohuwa ta ce, "Gidan nan dai a bincika." Akwai ballagaza ma, wadda kusan kullum mace ake jifa da ita. Namiji ƙazami ana yi masa dariya, a ce in ya yi aure zai gyaru. Mace ƙazama ba a jira mata komai.

Ba al'ada kaɗai ta ɗora wa kalmar wannan kaya ba. Duk wanda ya zauna a makarantar zaure ya san Ahalari da Ishmawi tun a farko-farkonsu maganar tsarki suke yi: wane ruwa ne ke halatta alwala, me ke warware ta, yaya ake kawar da najasa daga jiki da tufa da wurin salla. A kunnen Bahaushe ƙazanta maƙwabciyar najasa ce, katanga ɗaya ta raba su. In ka kira mutum ƙazami, ko ba ka nufa ba, ka taɓa sallarsa. Shi ya sa ake cewa tsafta cikon addini ce.

Hukuma ma ta sa hannunta. Dattawa na tuna duba-gari na zamanin En'e, waɗanda sukan shiga gida su leƙa randa, su duba masai da kwata, in abin bai yi musu ba a ci mai gida tara. A watan Maris na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari da Tunde Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, a 1985 kuma aka shigar da tsaftar muhalli cikinsa. Sharar Asabar ɗin ƙarshen wata da har yanzu ake tsayar da ababen hawa dominta a Kano daga can ta samo asali. Ko da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta zo da nata shirin gyaran tarbiyya a 2004, sunan da ta ba shi, A Daidaita Sahu, daga bakin liman ta ɗauko shi. Sunan ya ƙare a jikin babur mai ƙafa uku, wanda a yau ba shi da abokin karawa wajen karya sahu a titi, amma wannan zance ne na wata rana. Abin lura dai shi ne, duk lokacin da aka yi wa Bahaushe maganar tsari da tsafta da harshensa, akwai wani a tsaye a bayan maganar: uwar miji, ko malam, ko mai tara.

Rof ba ta da kowa a bayanta. Ta ƙofar aji ta shigo. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976, zamanin Janar Obasanjo, shi ya watsa makarantun boko cikin ƙauyuka fiye da kowane lokaci kafinsa, kuma tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya ce a fara koyar da yaro da harshen gida, daga baya a koma Turanci. A nan yaran karkara suka haɗu da littafin rof, wato wanda ake yin lissafi a ciki, a soke, a sake, kafin a kwafe amsa a littafi mai kyau da za a kai wa malam. A ganina asirin kalmar yana nan. A makaranta rof ba laifi ba ne, mataki ne. Abu ne da ba a gama ba. Don haka wanda ya ce ɗakinsa ya yi rof, a fakaice yana cewa wannan ba shi ne halinsa ba, gyara na nan tafe. Ƙazanta kuwa hukunci ce da aka riga aka yanke, ba ta da gobe.

Sauran 'yan rakiyar ba duka ta aji suka biyo ba. Titin da ya tashi daga Kabuga ya wuce ta gaban sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya ratsa Rimin Gado ya nufi Gwarzo har Dayi ta jihar Katsina, ba mutane da buhunan hatsi kaɗai yake ɗauka ba. Samarin da ke tafiya ci-rani Legas da Fatakwal da Abuja, masu acaɓa da masu gadi da masu sayar da kayan gwari, sukan dawo da damina da 'yan kuɗin taki a aljihu da Turancin buroka a baki. Sikata da enihau sun fi kama da kayan wannan hanya. Waya da finafinai suka zo suka ƙarasa aikin, har aka raɗa wa cakuɗar suna Ingausa. Kuma kada a ɗauka duk kalmar da ta fito daga can mara nauyi ce. A 2004 mawaƙi Eedris Abdulkareem, wanda a Kano aka haife shi, ya sa wa waƙarsa suna da kalmar nan ta buroka, Jaga Jaga, yana nufin halin da ƙasa ke ciki, Shugaba Obasanjo ya fusata ya mayar masa da martani a bainar jama'a. A wurin masu buroka kalmar tana da haƙora. Sauƙin da muke ji a rof ya zo ne daga kasancewarta baƙuwa a wurinmu: kakanninmu ba su taɓa zagin kowa da ita ba.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce a Hausa. Tun da daɗewa, in kunya ta hana mu kiran abu da sunansa, Larabci muke tura wa. Haila, janaba, al'aura, duk ana iya faɗinsu a gaban suruki ko a kan mumbari, alhali takwarorinsu na Hausa ba sa fita a bakin mai mutunci. Su kansu Turawan Ingila haka suka yi da Faransanci bayan mamayar da aka yi wa ƙasarsu a 1066, suka riƙa ɗaukar kalmominsa a matsayin na manya. Sai dai akwai bambanci tsakanin aron da muka yi wa Larabci da wanda muke yi wa Turanci yanzu. Kalmar Larabci ta rufe kunya amma ta zo da aikin yi: wanda aka ce yana da janaba ya san wanka ya hau kansa. Rof ta rufe kunya ta kuma sauke aikin.

Duk da haka ba zan bi sahun masu cewa a kore ta ba, don akwai inda take yin abin da ya kamata a gode mata. Ƙanwa ba ta isa ta dubi wanta ta ce ɗakinsa ya yi kaca-kaca ba, sai a ce ba ta da kunya. Amma za ta iya leƙawa ta ce, "Yaya, ɗakin nan naka ya ɗan yi rof, in zo in gyara maka?" ya yi dariya ya miƙa mata makulli. Ango na iya gaya wa amaryarsa haka ba ta kwana tana kuka ba, ba kuma ta kira gidansu ba. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma kowa ya san sau da yawa yakan zama, in kalmar da aka faɗa da ita ta yi kaifi. Rof tana bari a ce gyara kayanka a tsaya a nan.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce kafin zuwanta ba mu da hanyar sassautawa. Muna da ita, sai dai tana bukatar gwaninta. Uwa za ta shiga ɗakin 'yarta ta tsaya ta riƙe haɓa ta ce, "Ke 'yar nan, tashi za mu yi daga gidan ne ba a gaya mini ba?" Kaka za ta leƙa shagon jikanta ta ce, "Maigidana, kaji ka ba haya a ɗakin nan? To ni dai na fasa auren." Yaron zai yi dariya, kunya ta kama shi, kafin la'asar ya share. Ita ma mai ɗakin, in baƙuwa ta yi mata ba-zata, tana da abin cewa: "Sannu da zuwa Yaya, kin same ni ban kintsa ba, yaran nan ba sa bari." Ba ta kira kanta ƙazama ba, ba ta kuma yi ƙarya ba. Irin wannan magana tana aiki ne saboda wanda ya faɗe ta da wanda aka faɗa wa, kowa ya san matsayinsa. Zolayar kaka ba za ta yi a bakin uwa ba, ta uwa ba za ta yi a bakin kishiya ba, a nan sai ta zama habaici a kwana ana rigima. Rof ba ta tambayar wa da wa. Kowa na iya faɗa wa kowa, shi ya sa ta yi arha, shi ya sa kuma ba ta sa kowa dariya.

Inda na fi jin haushinta kuwa shi ne wajen rabo. Da ana raba kalmomin nan biyu gwargwadon girman ɓarna, da babu ƙorafi: ƙaramar ɓarna rof, babba ƙazanta. Amma gwargwadon mai ɓarnar ake raba su. Ɗalibin jami'a ya dawo hutu, ɗakinsa na warin safa, kwanon taliyar shekaranjiya a ƙarƙashin gado, ledojin ruwa a bayan ƙofa, ƙannensa su ce ɗakin Yaya ya yi rof, karatu ne ya yi masa yawa. Ka fito tsakar gidan nan guda da kaka ka dubi matar wansa. Dammunan gero da na dawa a jingine da rumbu, harawa a kan rufi tana zubo ganye, gyaɗa a shanye a kan buhuna, ita tana shiƙa iska na mayar da ƙaiƙayi ko'ina har cikin randa in ba a rufe ba, kaji na bi suna tsattsaga, akuya ta tsinke daga turke, ga goyo a baya, ga na yaye ya yi duƙun-duƙun a gindin turmi. Ta share wurin nan da asuba, za ta sake sharewa kafin magariba. Amma in 'yar'uwar miji ta sauka daga birni da gyalenta mai ƙamshi, ta ɗaga ƙafa tana neman inda za ta taka, ba rof za ta kai labari ba. Cewa za ta yi matan ƙauye akwai ƙazanta. Wanda ya yi boko ya samu kalmar da ke yi masa rangwame, wadda ba ta yi ba an bar ta da mai tsada. Alhali abin da ke tsakar gidan nan ba rof ba ne, ba kuma ƙazanta ba. Amfanin gona ne ya shigo, kuma gidan da ya kasance fes a watan kaka abin a tausaya masa ne.

A ofis abin ya ɗan sauya kama, amma jijiyar guda ce. Tsoho zai yi sammako daga ƙauye, ya biya kuɗin mota, ya zo bin takardarsa, ma'aikaci ya buɗe kabad fayil-fayil su zubo, wasu gara ta ci gefensu, ya juyo ya ce, "Baba ku yi haƙuri, abubuwan ne sun ɗan yi rof, ku dawo wani satin." Da ya ce an yi sakaci, da tsohon ya samu bakin tambaya: sakacin wa? Sakaci ba ya zama sai da mai shi. Rof kuwa kamar da kanta take aukuwa, ba wanda ya yi ta, ba wanda za a kama. Kuma tsohon bai ma san ma'anarta sosai ba, ya dai ji Turanci ne, ya ɗauka wani abu ne na aikin gwamnati da ya fi ƙarfin saninsa. Sai ya yi godiya ya tashi. A ɗakin saurayi wannan sassauci ba ya cutar da kowa sai hancin baƙo. A wurin da aka damƙa wa mutum amanar takardun jama'a, ko ɗakin ajiyar magani, ko rajistar 'yan makaranta, ni na fi son a yi Hausa.

Ba na jin wannan rangwame zai daɗe, don mun ga yadda ta ƙare da wadda ta riga ta zuwa. Datti ma daga Turanci take. Yau ba wanda ke jin ta baƙuwa, tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar aji ba tana faɗinta, kuma in aka ce wa mace yaranta na yawo da datti, zafin da za ta ji bai gaza na dauɗa ba. Rof ta kama wannan hanya. A filin ƙwallo in aka ce yaro yana wasan rof, ana nufin mugu ne, zai karya ɗan mutane. Iyaye sun fara hana 'ya'yansu bin wane don rof ne, ma'ana ba ya jin magana, ƙila ma yana shaye-shaye. A tasha kuwa, in kana jiran motar Kano wani ya matso ya raɗa maka cewa direban da ke kan layi rof ne, ba tsaftar kujerunsa yake nufi ba. Mutane sukan sauke kayansu su jira ta gaba, ko da za ta ƙara awa guda kafin ta cika.